Shiri na Musamman: Gishiri da Zafi, Masu Juya Tekunan Duniya

Ruwan teku ya mamaye kimanin kashi 71 cikin 100 na doron duniya, kuma a cikinsa ne kusan kashi 97 cikin 100 na dukkan ruwan duniyar yake, ta yadda koguna da tafkuna da ruwan ƙarƙashin ƙasa da ƙanƙara suke rabon ɗan abin da ya saura. Masana labarin ƙasa sun kasa wannan ruwa gida biyar, wato Fasifik da Atlantika da Tekun Indiya da Tekun Aktik na can ƙuryar arewa, sai Tekun Kudu da ya kewaye nahiyar Antaktika. Rabon dai na taswira ne kawai, domin jirgin da ya tashi daga Legas zai iya zagayawa ta kudancin Afirka ya faɗa Tekun Indiya ba tare da ya ci karo da wata iyaka ba.

Fasifik ne babban yayansu, domin faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 165, wanda ya zarce dukkan nahiyoyi idan aka haɗa su, kuma a cikinsa ne Kwarin Mariyana yake, inda zurfi ya kai kusan mita 10,900. Jacques Piccard da Don Walsh ne suka fara sauka gindin wannan kwari a shekarar 1960. Sai dai girma da zurfi, duk da ɗaukar hankalin da suke yi, ba su ne ke tafiyar da al'amuran teku ba.

Masu wannan aiki su ne gishiri da zafi. A matsakaicin lissafi, kowane kilo ɗaya na ruwan teku yana ɗauke da gishiri giram 35, amma adadin yana sauyawa daga wuri zuwa wuri. A Bahar Maliya, inda rana ke ƙuna, ruwan sama ya yi ƙaranci, kuma babu wani babban kogi da ke kwarara cikinta, gishirin yakan kai giram 40, alhali a Tekun Baltik na arewacin Turai, wanda koguna da yawa ke shayar da shi, galibi bai kai giram 10 ba. Atlantika ma ya fi Fasifik gishiri, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne iskar gabas da ke kwashe tururin ruwansa ta tsallaka da shi siririyar ƙasar Amurka ta Tsakiya, ya sauka a matsayin ruwan sama a Fasifik, gishirin kuwa ya zauna a baya.

Muhimmancin wannan bambanci yana ga nauyin ruwa, domin ruwa mai sanyi mai yawan gishiri ya fi ruwa mai ɗumi nauyi. Akwai wani magudanin ruwan ɗumi, wato kogi mai gudu a cikin teku, da ke fitowa daga Mashigin Mekziko ya bi gaɓar gabashin Amurka kana ya karkata zuwa Turai, kuma zafin da yake ɗauke da shi na cikin abubuwan da suka sa hunturun Ingila da Norway ya fi na sassan Kanada da ke layi ɗaya da su sassauci. Idan ruwan ya isa kusa da Girinland, sai ya huce ya yi nauyi ya nutse, kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin ƙwarya, sannan ya juya kudu a hankali ta can ƙasa, cikin duhun da hasken rana ba ya kaiwa, domin hasken da tsirrai za su iya amfani da shi ba ya wuce mita 200 daga sama. Wannan zagaye yakan ɗauki kimanin shekara 1,000 kafin ruwan ya sake fitowa sarari, shi ya sa narkewar ƙanƙarar Girinland ke damun masana, tun da ruwan daɗin da take zubarwa yana tsarma gishirin, ya rage nauyin da nutsewar ta dogara a kansa.

A wuraren da ruwan ƙasan teku mai sanyi ke tasowa sama, kamar gaɓar Peru da ta Muritaniya da Senegal, yakan taho da abincin ƙananan halittu, shi ya sa kifi ya yawaita a can.

Ƙasar Hausa ba ta da gaɓar teku, amma daminarta daga Atlantika take zuwa, domin iskar kudu maso yamma ce ke ɗebo laima daga Mashigin Tekun Gini ta tura ta arewa har Kano da Damagaram. Binciken masana yanayi ya danganta farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 da sauyin zafin saman teku, lokacin da arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka gwada shi da kudancinsa, Tekun Indiya kuma ya ƙara ɗumi, sai layin ruwan sama ya ja baya zuwa kudu, ya kasa isa gonakin arewa kamar yadda ya saba.