KOWACE MUJIYA DA KAMANNINTA

A ƙauyukanmu, da wuya ka sami wanda ya taɓa tsayawa ya ƙare wa mujiya kallo. Da an ji kukanta da dare sai a ce mugun abu ya zo. Da rana kuwa, in ta yi tsautsayin fitowa, yara su bi ta da jifa, tsuntsaye su yi mata caa. Shi ya sa idan jama'a suka tsani mutum akan ce sun mai da shi mujiya.

Saboda wannan gudun da muke yi mata, yawancinmu muna zaton duk mujiya ɗaya ce. To, ba haka abin yake ba. Masu ɗaukar hoton tsuntsaye sun daɗe suna bin mujiya cikin daji da kangaye. Da suka jera hotunan suka duba, sai suka ga kowace da irin kamanninta, kamar yadda makiyayi yake bambance shanunsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan bayani zai nuna mana inda bambancin yake, da abin da yake kawo shi, da kuma amfanin saninsa ga manomi.

IRE-IREN MUJIYA

A duniya akwai mujiya iri fiye da 200. A Nijeriya kaɗai akwai fiye da iri 10. Ga huɗu daga cikin waɗanda ake gani a ƙasar Hausa.

Ta farko ita ce farar mujiya. Ita ce mai zama kusa da mutane, a cikin silin na makaranta, ko tsohon gini, ko kogon kuka, ko rijiyar da aka daina amfani da ita. Fuskarta fara ce kamar faifai, idanunta baƙaƙe. Kukanta kamar ana yaga ƙyalle.

Ta biyu ƙarama ce, ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Tana da gashi biyu a ka masu kama da kunnuwa. Da rana takan lafe a jikin itace, har ka wuce ba ka gan ta ba. Kukanta da dare ya yi kama da na kwaɗo.

Ta uku ruwan toka ce, mai farar fuska da baƙin layi a gefe, idanunta ruwan lemo.

Ta huɗu ita ma ƙarama ce, amma tana fita ko da rana. A ƙeyarta akwai baƙaƙen tabo biyu masu kama da idanu. Wanda ya ɗauki hotonta ta baya zai rantse shi take kallo.

Wannan bambanci ne tsakanin iri da iri, kamar na kaza da zabo. Amma akwai wani bambancin da ya fi wannan ban mamaki, wato wanda ake samu a cikin iri ɗaya, har ma a cikin sheƙa ɗaya.

ME HOTO YAKE NUNAWA?

Mujiya tsuntsuwar dare ce. Idan ta gifta, ido ba ya samun zarafin ganin komai sai inuwa. Hoto kuwa tsayar da ita yake yi wuri ɗaya. Mutum zai iya ƙara girman hoton, ya dubi ƙirji, ya dubi fuska, ya ƙirga ɗigo-ɗigon da ke jikinta. Gobe in ya ɗauki wata, sai ya gwama su.

Mu ɗauki farar mujiya. Wata ƙirjinta fari ne fat kamar auduga. Wata nata ja-ja ne kamar jar ƙasa. Wata tana da ƙananan baƙaƙen ɗigo birjik daga wuya har cinya, wata kuwa ɗigon bai taka kara ya karya ba. Gefen fuskar wata ya fi na wata duhu. Duk waɗannan iri ɗaya ne, suna iya haɗuwa su hayayyafa.

Haka ita ma ƙaramar nan mai kukan kwaɗo. Wata ruwan toka ce, wata ruwan ƙasa. Kowace launinta ya yi kama da ɓawon itace, shi ne yake ɓoye ta daga idon shaho da sauran tsuntsaye masu tsangwamarta.

ME YAKE KAWO BAMBANCIN?

Na ɗaya, jinsi. A yawancin ire-iren mujiya, mace ta fi namiji girma da nauyi. A wajen farar mujiya, mace takan fi namiji duhun ƙirji da yawan ɗigo. Namiji ya fi haske. Amma wannan ba doka ba ce da ba ta karyewa, domin akan sami namiji mai ɗigo da mace mai haske.

Na biyu, shekaru. Ɗan mujiya yana fitowa da farin gashi mai laushi kamar kaɗa. Sai ya yi kusan wata biyu kafin gashin manya ya rufe shi. A cikin sheƙa ɗaya kuma za ka ga wani babba, wani ɗan mitsitsi. Ga dalili. Farar mujiya takan yi ƙwai 4 zuwa 7, tana sa ɗaya bayan kwana 2 ko 3. Kaza takan jira ta gama ƙwai kafin ta yi kwanci. Mujiya kuwa daga ƙwan farko take fara kwanci. Kowane ƙwai yana ɗaukar kimanin kwana 30 kafin ya ƙyanƙyashe. Saboda haka ɗan fari yana iya girmar auta da mako biyu.

Na uku, gado. Kamar yadda jan akuya yakan haifi ja, haka mujiya take gadon launi da ɗigo daga iyayenta.

LAUNI YANA DA AIKI

Masana sun gano cewa wannan bambanci yana da alaƙa da rayuwar tsuntsuwar. Ga misali daga ƙasashe biyu na Turai.

A ƙasar Suwizalan akwai wani malamin Jami'ar Lozan mai suna Alexandre Roulin. Ya shafe shekaru yana auna farar mujiya tare da abokan aikinsa. Sun gano cewa macen da take da manyan ɗigo, 'ya'yanta sun fi jure wa ƙwarin da ke shan jininsu a cikin sheƙa. A shekarar 2019 kuma suka bayyana wani abu game da farin wata. Idan wata ya cika, farautar mujiya mai jan ƙirji takan ragu, domin ɓera yana hango ta ya gudu. Mai farin ƙirji kuwa, hasken wata yana dukan gashinta ya haske ɓeran, sai ya sandare wuri ɗaya don tsoro, ita kuwa ta sure shi. Mun san haka takan faru ga zomo idan fitilar mota ta haske shi a kan hanya.

Misali na biyu daga ƙasar Finlan ne, can arewacin Turai inda ƙanƙara take rufe ƙasa da sanyi. Akwai wata irin mujiya a can mai launi biyu, ruwan toka da ruwan ƙasa. A shekarar da ƙanƙara ta yi yawa, masu ruwan ƙasa sun fi mutuwa. Masana sun bi lissafinsu na kusan shekara 30, suka fitar da sakamako a shekarar 2011. Da can masu ruwan ƙasa kamar 30 ne cikin 100. Da sanyin ƙasar ya ragu saboda canjin yanayi, sai suka ƙaru har suka kai kusan rabi. Wato launin tsuntsu ya zama shaida cewa yanayin duniya yana canzawa.

KADA HOTO YA RUƊE KA

Ba duk bambancin da aka gani a hoto ne na gaskiya ba. Hasken safiya da na yamma sukan sa farin gashi ya yi ja. Walƙiyar kyamara takan mai da ido ja wur. Tsuntsuwar da ruwa ya daka takan fito ƙarama da duhu.

Ita ma mujiyar tana canza tsayuwarta. Mai idanu ruwan lemo ta fi kowa iya wannan. Idan ta ga abokin gaba da ya fi ƙarfinta, sai ta matse gashinta, ta miƙe siririya kamar busasshen reshe, ta runtse ido. Idan kuwa wanda ba ta jin tsoro ne sosai, sai ta buɗe fukafukai ta kumbura. Wanda ya ga hotunan biyu zai ce tsuntsaye biyu ne, alhali ɗaya ce.

Akwai kuma hoton da za ka ga jikinta yana duban gabas, fuskarta tana duban yamma. Wannan ba tsafi ba ne. Idon mujiya ba ya juyawa cikin gurbinsa kamar namu, sai ta juya kai gaba ɗaya. Wuyanta yana da gaɓoɓin ƙashi 14, na mutum kuwa 7. Shi ya sa take iya juya kai har kashi 3 cikin 4 na cikakken zagaye.

Saboda irin waɗannan dalilai, masana ba sa dogara da hoto kaɗai. Sukan sa wa tsuntsu ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa. Idan ka tsinci mataccen tsuntsu da irin wannan zobe, rubuta lambar ka kai wa malamin gandun daji.

YADDA AKE ƊAUKAR HOTON MUJIYA

Yanzu wayar hannu mai kyamara ta shiga ƙauye, don haka wannan aiki ba na Turawa kaɗai ba ne. Ga abubuwan kiyayewa.

1. Nemi makwancinta da rana. Dubi ƙarƙashin itace ko gini. In ka ga farin kashi da wasu baƙaƙen curi, to tana nan sama. Curin nan gashi ne da ƙasusuwan abin da ta ci, takan amayar da su.

2. Saurari ƙananan tsuntsaye. In sun taru suna hayaniya a kan itace ɗaya, sau da yawa mujiya suka gani, ko maciji. Sai a yi hattara.

3. Tsaya nesa, ka jawo hoton kusa da maɓallin waya. Idan ta miƙe siririya ko tana neman tashi, ka matsa mata, sai ka ja da baya.

4. Jingina hannu a jikin bango ko itace don kada hoton ya girgiza. Sassafe da gab da faɗuwar rana sun fi kyau.

5. Kada ka dinga haske mata ido da tocila ko walƙiyar kyamara. Kada ka jefe ta don ta buɗe ido.

6. Rubuta rana da wuri na kowane hoto. Hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, amfaninsa kaɗan ne.

7. Kada ka hau wurin sheƙa. Uwa tana iya gudu ta bar ƙwai, ko ta kawo maka hari. A shekarar 1937, wani shahararren mai ɗaukar hoton tsuntsaye ɗan Ingila, Eric Hosking, ya hau kusa da sheƙar wata mujiya da dare. Ta kai masa farce a fuska, ya rasa idonsa na hagu. Duk da haka bai riƙe ta a rai ba, ya ci gaba da ɗaukar hoton mujiya tsawon rayuwarsa. Ya rasu a shekarar 1991.

Wanda yake son hotonsa ya amfani masana, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos. A shekarar 2015 aka fara wani shiri a can na tattara bayanan inda kowane tsuntsu yake a Nijeriya, kuma 'yan sa-kai ne suke kawo bayanan.

MECE CE RIBAR MANOMI?

Idan ka fasa curin da farar mujiya ta amayar, da sanda ba da hannu ba, za ka ga ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa, wani lokaci da na jaba. Mujiya ɗaya tana iya cin ɓera 3 ko 4 a dare guda. Uwa da uba masu ciyar da 'ya'ya suna kashe dubbai a shekara. Kowane ɓera da suka kama, an huta da ɓarnarsa a gona da rumbu.

Ɓera ba hatsi kaɗai yake ɓatawa ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, daga fitsari da kashin wani irin ɓera ake ɗaukarsa. Irin wannan ɓera yana cikin abincin farar mujiya. Rufe abinci da tsabtace gida su ne kan gaba wajen rigakafi, amma mujiya tana taimakawa wajen rage ɓerayen.

A wasu ƙasashe har gida ake yi mata. A Maleshiya, masu gonakin kwakwar manja suna kafa akwatunan katako a kan dogayen sanduna don ta shiga ta yi ƙwai. A Isra'ila an fara irin wannan a shekarar 1983, daga baya manoman Jodan da na Falasɗinu suka bi sahu. Yin haka ya rage musu sayen gubar ɓera. A lura kuma, ɓeran da ya ci guba yana iya kashe mujiyar da ta ci shi.

To jama'a, in akwai mujiya a silin na makarantarku ko a kukar bayan gari, ku hana yara jifanta. Ku tsaya daga nesa ku dube ta da kyau. Ƙirjinta fari ne ko ja? Ɗigon da yawa ko kaɗan? Ita kaɗai ce ko su biyu? Wacce ta fi girma? Wanda yake da waya ya ɗauki hoto bana, ya sake ɗauka baɗi, ya gani ko ita ce ta dawo. Da haka za ku san mujiyar garinku kamar yadda kuka san dabbobin gidanku, ku kuma san yawan hatsin da take tsare muku cikin dare kuna barci.