Hunturu a Gidan Haya: Ka San Kan Hitarka Kafin Ta Cinye Yunit

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauko, mazauna Barnawa da Narayi da Kakuri da Sabon Tasha kan tashi da asuba su tarar ruwan tanki ya yi sanyi ƙarara, daɓen tayil kuma ba ya takuwa sai da silifa. A wasu dararen ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15. Wannan ba komai ba ne a wurin mutumin Jos, amma gidajen kudancin birnin Kaduna an gina su ne da tunanin zafin Maris da Afrilu: tagogi manya, daɓe mai sanyi, tanki a sama yana shan iska.

A ƙasashen da sanyi ke zama wata da watanni, daɓen ɗaki shi kansa ake ɗumamawa. Mutanen Koriya sun yi ƙarnoni suna bi da hayaƙin murhu ta ƙarƙashin ɗaki, Rumawa ma sun yi haka a gidajen wankansu. Yau a Jamus ko Ingila bututu ake shimfiɗawa a cikin siminti, ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 45 yana zagayawa, kuma ƙa'idar Turai ta ce kada fuskar daɓen ɗakin zama ta wuce digiri 29. Ɗalibanmu da ke kama haya a can sukan murɗa na'urar bango har ƙarshe, bayan rabin awa su ce ta lalace. Lafiyarta lau. Siminti ne ke ɗaukar sa'o'i kafin ya ɗau zafi, don haka a kan digiri 20 ko 21 ake saita ta a ƙyale ta, kuma ba a shimfiɗa katifa ko darduma mai kauri a kai.

Mu ma dabarar ba baƙuwarmu ba ce. Gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, wanda tsofaffi da masu jego ke kwanciya a kai, shi ne namu. Abin da ya rasa shi ne mai tsayar da zafin idan ya kai. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Eldryd Parry, sun danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan irin wannan gado.

Babu mai gidan da zai fasa daɓe a Unguwar Romi ya shimfiɗa bututu saboda sanyin wata uku. Abin da ɗan haya zai tarar a filat shi ne hitar bango a banɗaki, farar tukunya mai cin lita 15 ko 30 ko 50, sau da yawa kirar Ariston. A cikinta akwai ƙarfen da ke ɗumama ruwa, akwai kuma wata ƙaramar na'ura, tamostat, wadda ke yanke wuta idan ruwan ya kai zafin da aka saita. Mutane sun fi damuwa da ƙarfen, alhali kuɗinka da lafiyar fatar 'ya'yanka duk a hannun wannan ƙaramar suke.

Ga lissafin. Ɗaga zafin ruwa lita 30 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin kusan yunit 1.4, hita mai wat 1,500 kuma za ta yi aikin cikin kimanin awa ɗaya. Lokacin da hukumar NERC ta kai farashin wuta na rukunin A naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, wannan zubi ɗaya ya haura naira 300 a kan wancan farashi. An ɗan rage daga baya, amma ba ragin da zai sa a bar hita a kunne dare da rana ba. Tukunyar tana hucewa a hankali ta jikinta, tamostat ya sake kunnawa, mita na ta ja ana barci. A kunna awa ɗaya kafin wanka, a kashe. Inda kuma mita ɗaya ce ake rabawa tsakanin filat biyu ko uku, hita ce kan fara haddasa rigimar maƙwabta, gara a yi maganarta tun ranar tarewa.

A kan digiri 60 ya kamata a saita tamostat, ko kusa da haka idan murɗin ba shi da lamba. Ƙasa da digiri 45 ƙwayar cutar lejiyonela, mai kawo ciwon huhu, tana hayayyafa a ruwan da ya daɗe a tukunya. Sama da 60 kuma ana ƙona yunit ne a banza, farin dutse na taruwa a jikin ƙarfen, ga haɗarin ƙuna. Ko a 60 ɗin ma ruwan na iya saɓule fatar yaro cikin daƙiƙu kaɗan, shi ya sa ake fara zuba na sanyi a bokiti kafin na zafi.

Kafin ka danna makunni a sabon gida, buɗe famfon ruwan zafi har sai ruwa ya zubo ba tare da tari ba. Yawancin gidajen nan da rijiyar burtsatse da tankin sama suke aiki, idan an kwana biyu ba wuta tanki ya ƙafe, tukunyar na iya zama wayam. Kunna ta a haka kan ƙone ƙarfen cikin 'yan mintuna, kuma wannan na daga cikin manyan dalilan mutuwar hita a gidajen haya.

Idan ruwa ya ƙi zafi, kada ka yi gaggawar kiran mai gyara. Duba fitilar makunni. In ba ta kama ba, leƙa akwatin wuta ko birekar hitar ta faɗi. In ta kama amma ruwan ɗumi-ɗumi ne kawai, ka zargi ƙarfin wutar tukuna. Hita an yi ta ne don bolt 230, kuma zafinta na faɗuwa fiye da yadda wutar ke faɗuwa: a bolt 180 kusan kashi 60 cikin 100 na aikinta kawai take yi. Da magariba, lokacin da unguwa duka ta ɗora kaya a kan taransifoma ɗaya, an fi ganin haka. Ƙaramin janareta mai wat 650 ko 900 kuwa ba zai ɗauke ta ba, wahalar da shi kawai za a yi. Idan wuta na da ƙarfi amma ruwa na nan da sanyinsa, mai yiwuwa maɓallin kariya na cikin murfi ya yanke, ko ƙarfen ya ƙone. Daga nan aikin mai gyaran wuta ne, domin maɓallin ba ya yankewa haka kawai.

Abu biyu ba a wasa da su. Na farko, ɗan bawul ɗin da ke ɗigar da ruwa a bututun shiga yana rage matsi ne yayin da ruwa ke kumbura. Wasu masu gyaran famfo kan toshe shi don mai gida ya daina ƙorafin jiƙewar bango, kuma duk ranar da tamostat ya maƙale tukunyar na iya fashewa. Na biyu, in ka taɓa famfo ka ji ɗan jan wuta, komai ƙanƙantarsa, a kashe hitar daga bireka, kada kowa ya yi wanka sai an duba wayar ƙasa. Gidaje da yawa suna da ita a soket kawai, ba ta kai ga ƙarfen da aka binne ba.

Wanda hitarsa ta mutu kan koma wa hitar bokiti ko kaskon gawayi. Ta bokiti ba ta da tamostat, kuma tsoma hannu don jin ɗumi tana kunne ya hallaka mutane. Gawayi a ɗaki rufe yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Ciwon kai da jiri ne alamarta ta farko, mai barci kuwa ba ya jin su. A ji ɗumin a tsakar gida, a bar kaskon a waje.

Saura maganar wa zai biya gyara. A al'ada, abin da aka tarar a jikin gini na mai gida ne, abin da ɗan haya ya lalata da sakacinsa nasa ne, amma fatar baki ba ta raba gardama idan shekara ta zagayo. Kafin ka biya kuɗin haya, ka sa dillali ko mai kula da gida ya kunna hitar a gabanka, ka lura ko fitilar jikinta na mutuwa da kanta bayan ruwa ya yi zafi, ka ɗauki hotonta da na mita, sannan a rubuta a takardar yarjejeniya wanda gyaranta ke wuyansa.