Kafin ka bari a sauke giyabos ɗin tsohuwar Marsandinka

Jama'armu na Agege, Sabon Ibadan da Ama Hausa, da yawanku har yanzu kuna riƙe da tsofaffin Marsandi: W123 da muke ce wa Regula, wadda ta fito a 1976, da W124, wato V-Boot. Ƙorafin da na fi ji kan masu giyar atomatik iri biyu ne. Ko dai motar ta buga giya kamar an harbe ta daga baya, ko kuma injin ya yi ta kuka kafin giyar ta kama. Nan da nan sai a ce giyabos ya mutu, alhali sau da yawa ba haka ba ne.

Giyabos ɗin 722.3 da 722.4 na waɗannan motoci yana da wata 'yar na'ura a gefen hagunsa, bakanikai na ce mata moduleta. Siririn tiyo ne ke haɗa ta da injin. Idan injin na zuƙar iska sosai ta tiyon, giya na shiga da laushi. Idan zuƙar ta ragu, matsin man giya ya ƙaru, sai ta shiga da ƙarfi. Shi ya sa tsagaggen tiyo kaɗai ke iya jawo bugun nan. A masu dizal kamar 300D, famfo ne ke samar da zuƙar, don haka shi ma a duba shi.

Ga yadda nake ba da shawara a bi. Fara da man giya: injin na aiki, ya yi zafi, mota a fili, giya a P. Sai tiyo da robobinsa. In ka ga jan mai a cikin tiyon, fatar moduleta ta yage, canji kawai. Sai komai ya yi daidai za a cire hular robar, a zaro ɗan makullin ciki. Juyi irin na hannun agogo yana ƙara ƙarfin shiga, akasin haka yana sassautawa. Kaɗan-kaɗan ake yi, a gwada a titi, a riƙa ƙirga abin da aka juya. Mai geji ya auna matsin, ya fi.

A nan Jos muna sama da mita 1,200, kuma da sanyin hunturu giya kan buga da sassafe har sai mai ya ɗumama. Kada a yi saiti a wannan lokacin.

Babban haɗarin shi ne son laushi. Giyar da ke shiga luƙui tana sulɓi ne, faifan kulocin ciki na ƙonewa a hankali. Ɗauko kaya ka hau Hawan Kibo da ita, za ka ji ƙauri. Gara ka ɗan ji shigarta a jikinka da ka je Dilimi ko Ladipo neman wani giyabos.