Matsakaicin Tsawon Zango a Jadawalin Kula da Inganci

Matsakaicin tsawon zango, wanda ake taƙaitawa da ARL, ma'auni ne da ake gane ƙarfin jadawalin kula da inganci da shi. Yana nufin yawan samfuran da ake aunawa, a matsakaici, kafin jadawalin ya yi gargaɗi cewa aiki ya kauce daga tsarinsa.

Asali

Walter Shewhart, masanin ƙididdiga ɗan Amurka, shi ne ya ƙirƙiro jadawalin a shekarar 1924. Jadawalin yana da layin tsakiya da iyaka biyu, ta sama da ta ƙasa, kowacce a nisan sigma 3 daga tsakiya. Sigma shi ne ma'aunin yadda alƙaluma ke warwatsuwa daga matsakaici. Idan awon wani samfur ya tsallake iyaka, sai a binciki dalili.

Kashi biyu na ma'aunin

Na farko shi ne ARL na lokacin da aiki ke tafiya daidai. Ana so ya zama babba, domin duk gargaɗin da ya fito a lokacin na ƙarya ne, kuma yana jawo tsayar da inji a banza. Na biyu shi ne ARL na bayan aiki ya kauce. Ana so ya zama ƙarami, domin kowane jinkiri yana ƙara yawan kayan da suka lalace. Idan aka matso da iyakoki, za a gano matsala da wuri amma gargaɗin ƙarya zai ƙaru. Idan aka faɗaɗa su, sai akasin haka ya faru.

Lissafi

A jadawalin Shewhart, ana samun ARL ne ta hanyar raba 1 da yiwuwar tsallake iyaka. Idan alƙaluma suna bin rarrabuwa mai siffar ƙararrawa kuma ba su dogara da juna ba, yiwuwar ita ce 0.0027, wanda ke ba da kusan 370. Misali, masana'antar da ke auna buhun siminti ɗaya a kowace awa za ta riƙa samun gargaɗin ƙarya kusan sau ɗaya a kwana 15.

Idan matsakaicin nauyin buhun ya gusa da sigma 3, ARL yana kusan 2. Da sigma 2, kusan 6 ne. Amma da sigma 1, kusan 44 ne, wato ana iya shafe kusan kwana biyu ba a lura ba.

Kwatanta jadawalai

Saboda wannan rauni wajen gano ƙaramar kaucewa, E. S. Page ya gabatar da jadawalin CUSUM a 1954, S. W. Roberts kuma ya kawo EWMA a 1959. Dukansu suna tara bayanan samfuran baya, kuma idan an tsara su da kyau suna gano kaucewar sigma 1 cikin kusan samfura 10. Ba a kwatanta jadawalai biyu sai an daidaita yawan gargaɗinsu na ƙarya tukuna.

Iyakar ma'aunin

Matsakaici kaɗai yakan ruɗi mai amfani da shi, domin tsawon zango yana bambanta ƙwarai. A jadawalin da ke da ARL 370, rabin lokuta gargaɗin ƙarya yakan fito kafin samfur na 257. Shi ya sa masana ke duba yadda tsawon zangon ke rarrabuwa gaba ɗaya.