Zumuncin Allo da Zumuncin Aji a Jega da Aliero da Maiyama

Duk matafiyin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Yawuri, in ya wuce Tambuwal sai ya iske Aliero, garin albasa da masu ɗori. Gaba kaɗan sai Jega, inda hanyar Birnin Kebbi ta rabu. In kuwa ya miƙe kudu sai Maiyama. Garuruwan nan uku duk ƙasar Gwandu ne, kuma tun da aka yanke Jihar Kebbi daga ta Sakkwato a 1991 suna cikinta, ko da yake kowanne da ƙaramar hukumarsa. Kasuwa ta gama su, aure ya ƙulle su, har da wuya a sami babban gida a Jega wanda ba shi da suruki a Aliero ko kawu a Maiyama.

To, a kan wannan tsohon zumunci na jini da ciniki wani sabo ya tsiro, shi ne na waɗanda suka yi makarantar sakandare tare. Kashegarin Salla, sa'ad da ma'aikata suka komo gida daga Abuja da Kaduna da Ikko, sai ka ga motoci sun jeru a ƙofar makaranta ko a gidan wani mai hali. Ga dattawa da furfura suna tafawa, suna kiran juna da sunayen tsiya na ƙuruciya waɗanda ko iyalinsu ba su sani ba. Su ake ce wa tsofaffin ɗalibai, kowane rukuni da shekarar fitarsa. Suna da shugaba da magatakarda da ma'aji, suna da kuɗin wata. Waɗansu malamai suna duban abin da wutsiyar ido, suna cewa sha'anin 'yan boko ne. Waɗansu 'yan kasuwa kuma ba su ga komai a cikinsa ba sai hanyar neman kwangila. Kowannensu ya taɓo wani abu na gaskiya, amma hukunci ba ya kyau sai an ji asalin magana.

Mutumin Jega dai bai kamata ya yi mamakin zumuncin karatu ba, gama garinsa daga nan ya samo tushe. Malam Abdussalami almajirin Shehu Usmanu ne, Allah ya ƙara masa yarda. Shi Ba'are ne, babu jini tsakaninsa da Shehu, karatu kaɗai ya haɗa su. Ya zauna da jama'arsa a Gimbana, nan kusa da inda Jega take yau. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana, ta kama mutane, aka bi da su ta kusa da Ɗegel a ɗaure. Jama'ar Shehu ba su iya kallon 'yan'uwansu cikin igiya ba, suka kwance su. Wannan yana cikin abin da ya jawo hijira zuwa Gudu a 1804.

Amma bayan rasuwar Shehu a 1817 saɓani ya shiga tsakanin Abdussalami, yana zaune a Kware, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har aka kai ga yaƙi, Abdussalami ya rasu a 1818. Bello ya wallafa littafi a kan abin da ya gudana tsakaninsu, shi ne Sardul Kalami. Cikin abin da ya ɓata wa Abdussalami rai har da ganin da ya yi ba a ba shi rabo gwargwadon wahalarsa ba, alhali waɗanda suka faro tafiya tare sun sami ƙasashe masu faɗi. Sauran mutanensa suka tattaru a Kalambaina, har Malam Abdullahi na Gwandu da Bello suka haɗa ƙarfi suka ci garin. Bayan wannan ne ɗansa Buhari ya yi mubaya'a, aka yardar masa ya kafa Jega wajen shekarun 1820, daga nan sarautar Sarkin Kabin Jega ta taso. Kafin ƙarnin ya ƙare kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, fataken Gwanja masu goro suna yada zango a cikinta. Mai karatu ya riƙe abu guda daga wannan labari, don za a komo kansa: abin da ya raba mutanen da karatu ya haɗa, shi ne wani ya ga an bar shi baya.

Yanzu a duba bambancin zumuncin nan biyu. Almajiri in an tambaye shi inda ya yi karatu, sunan mutum yake faɗi. Ya ce, wurin Alaramma wane na sauke, shi kuma wurin Gwani wane ya ɗauka. Malam shi ne turken, kowa a jikinsa yake ɗaure. Kolo da gardi, wanda ya sauke bana da wanda ya sauke shekara talatin da suka wuce, duk 'ya'yan gida ɗaya ne. Attajiri da ɗan garuwa in sun zo gaida malam, a ƙofar zaure ɗaya suke tuɓe takalma, a tabarma ɗaya suke zama. Wanda ya tsaya a izu goma ya tafi fatauci ba a soke sunansa. Malam yana sane da shi, shi ke ɗaura masa aure, shi ke raɗa wa 'ya'yansa suna.

Ɗan boko kuwa in an tambaye shi, sunan makaranta da shekara yake faɗi. Ba laifinsa ba ne. Malaman gwamnati canji ake yi musu, wanda ya koya maka lissafi bana, baɗi an ɗauke shi zuwa Zuru ko Argungu. Da turken bai tsaya wuri ɗaya ba, sai yaran suka ɗaure da junansu, tsara da tsara. Abin da ya ƙara wa igiyar ƙarfi shi ne makarantar kwana. A da sakandare ba ta kowane gari ba ce. Yaro ya gama firamare sai a ɗora masa akwatin ƙarfe a mota ya tafi wani gari. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, haka ya yi, firamare a Jega, sakandare a Birnin Kebbi. Shekara biyar yara suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin gabza, suna shan horon manyan aji, suna raba ƙuli-ƙulin da uwar ɗayansu ta aiko. Wanda kuka yi yunwa tare ba ka manta shi. A nan kam gardawan tsangaya ba su da abin musu, don su ma sun san daɗin ɗumamen da aka raba a gindin wuta.

Abin ya daɗe a Arewa. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau, tsofaffin ɗalibanta sun yi ƙungiya tun 1939. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk can suka yi karatu, kuma da yawa cikin waɗanda suka riƙe Jam'iyyar Mutanen Arewa sun san juna tun suna 'yan makaranta. Wato tun farko zumuncin aji ya zo da ƙafa ɗaya cikin mulki. Sai bayan da aka buɗe karatun firamare ga kowa a 1976, makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita har ƙauyuka, sannan ɗan manomi da ɗan maƙeri su ma suka sami abokan aji.

Alherin ƙungiyoyin nan ba ɓoyayye ba ne. Ɗayansu ya rasu, kafin a yi sadakar uku sun cika zaure, su haɗa abin da ya sauwaƙa, wani lokaci har su ɗauki kuɗin makarantar marayu. Ɗayansu ya kwanta asibiti a Sakkwato, a sami likita ɗan ajinsu ya tsaya a kansa. Mai albasa motarsa ta lalace a hanyar Kwantagora da dare, kaya mai ruɓewa, ya buga waya ga wanda suka zauna benci ɗaya, kafin gari ya waye an turo masa makaniki. Uba ya kawo yaronsa jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Adamu Aliero, ko kwalejin kiwon lafiya ta Jega, ya kai shi gidan abokinsa ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan, in ya yi ba daidai ba ka hukunta shi." Yaron ya durƙusa ya ce Baba. Aure ma yana bin wannan hanya. Mutum ya riƙa zuwa hutu gidan abokinsa, ƙanwar abokin tana kawo musu ruwa, bayan shekaru sai a ji an kai goro. Ta haka abokan aji suka koma surukai, jikokinsu suka zama jini ɗaya. Wanda ya ce wannan ba sada zumunci ba ne bai yi adalci ba.

Sai dai akwai wurin da tufar ta yage, kuma ba a cika son duba shi ba. A ce aji ya fita da mutum arba'in. Ranar taro a ƙidaya waɗanda suka zo. Za a ga darakta da lauya da ɗan kwangila da jami'in kwastan. Ina wanda jarrabawa ta kayar, ya koma fadama yana ban ruwan albasa? Ina wanda aka cire a aji uku don mahaifinsa ya rasu, ya gaji gona da ƙanne? Ina mai kabu-kabu a tashar Jega, da mai faci a bakin hanyar Maiyama? Ba wanda ya kore su. Kunya ce ta hana su. Ana bin mutum kuɗin wata na shekara biyu, ba shi da shaddar da zai shiga da ita cikin masu shadda, kuma ya san in an zo gudummawa za a faɗi abin da kowa ya bayar a gaban jama'a. Labarin taron ma ta babbar waya ake yaɗa shi, shi kuwa tasa ƙarama ce. An ce zumunta a ƙafa take, ga shi an mai da ita a yatsa.

Mafi ciwo shi ne ranar da suka gamu a kasuwa. Mutum biyu da suka yi shekara biyar suna wasan tsiya, yau ɗaya ya rage tsawo ya ce, "Ranka ya daɗe." Ɗayan ya amsa daga cikin mota, ya sauke gilashi rabi, ya miƙo 'yar takarda. Kowannensu ya tafi da nauyi a zuci. A gidan malam wannan ba ya faruwa da sauƙi, don akwai wanda ya fi su duka, wanda zai ce wa attajirin, "Kai wane, ka leƙa ɗan'uwanka kuwa?" Ƙungiyar aji ba ta da wannan baki. Shugabanta tsaransu ne, kuma galibi wanda ya fi abin hannu ake zaɓa. In lokacin zaɓe ya ƙarato sai a tuna da kowa, har wanda aka manta shekara ashirin a aika masa ya zo. Talaka ba wawa ba ne, ya san abin da aka kira shi dominsa.

Mata kuwa nasu ya fi tsanani ta wata fuska, don da yawa an cire su kafin su gama, aure ya kai wannan Koko, ya kai waccan Kamba. Amma abin mamaki, su suka fi riƙo. Ba su jiran taron shekara, biki da suna da barka sun ishe su, mai shi da marar shi duk zane iri ɗaya suke ɗaurawa.

Akwai kuma mutum biyu da ake yawan mantawa, in makaranta za a kira ta mutum. Na farko tsohon malami, wanda ya koya musu baƙi da wasali na boko, yau yana zaune a ƙofar gida yana jiran fansho. Almajirin allo ko kuɗin Laraba ya saba kaiwa tun yana ƙarami, in ya girma kuma ba ya girbe gero bai aika wa malam dami ba. Wannan ladabi ba haramun ba ne ga ɗan boko. Ta biyu ita ce makarantar kanta. Waɗansu rukunai, Allah ya saka musu, sun gyara azuzuwa, sun haƙa rijiya, sun sayi benci. Waɗansu kuwa abin da suka kashe wajen abinci da hoto na yini ɗaya ya isa ya rufe ɗakin da iska ta kware. Dalili a fili yake, 'ya'yansu ba nan suke karatu ba, suna makarantun kuɗi. Waɗanda ke zaune a ƙasa cikin ɗakin nan 'ya'yan abokan nan ne da ba su zo taro ba.

'Yan kasuwa masu karanta wannan shafi sun gaji maganin abin daga kakanninsu. Madugu nagari ba ya tashi daga zango sai ya ƙidaya mutanensa, in jakin wani ya gaza a rarraba kayansa. Haka ya kamata magatakardan kowane rukuni ya yi. Ya je ofishin makaranta ya roƙi tsohuwar rajista, ba ta shekarar fita kaɗai ba, har ta shekarar shiga, don a nan sunayen waɗanda suka faɗi a hanya suke. Ranar taro a karanta ta suna bayan suna. Wanda ya rasu a yi masa addu'a, a tambayi wanda ke riƙe da 'ya'yansa. Wanda yake raye bai zo ba, a wakilta mutum biyu su same shi. Bashin kuɗin wata a yafe shi ba tare da sanarwa ba, gudummawa kuma a sa ta cikin jaka a rufe, ma'aji kaɗai ya san ta wane ce. Shugabanci a ba dattijon da ke zaune a gari, wanda ya san gidan kowa, ko da malamin firamare ne.

Daga Jega zuwa Kimba ko Sambawa ko Sabiyal ba tafiyar kwana ba ce, mai mota ya je ya komo tsakanin Azahar da Magariba. In sun tashi zuwa su sa tufafin gida, su bar motar a bakin gari, su taka da ƙafa. In an ce yana fadama su bi shi can, su kira shi da sunan nan na aji tun daga nesa, kafin ya sami damar cewa ranka ya daɗe.