Ramin da ke ɓuya cikin aljebra

'Yan uwa ɗalibai, ku ɗauki ƙwarya da awarwaro ku duba. Ƙwarya tana da zurfi, amma ba za ka zura zare ta cikinta ya fito ta ɗaya gefen ba. Awarwaro kuwa za ka zura. Masana lissafi suna cewa awarwaro yana da rami ɗaya, ƙwarya ba ta da ko ɗaya. Ilimin ƙidaya irin waɗannan ramuka shi ake kira homoloji, kuma Bafaranshe Henri Poincaré ne ya kafa tubalinsa a 1895.

Abin mamaki, ana samun rami har a inda babu siffar da ido zai gani. A jami'a ana nazarin tarin jadawalan lambobi waɗanda in ka tara biyu ko ka ninka su, amsar tana nan cikin tarin. Wannan tari shi ake ce wa aljebra. Wasu aljebrar kamar titi mai zuwa da dawowa suke: duk hanyar da ta tafi, akwai ta komowa. Wasu kuma hanya ɗaya ce, tafiya babu dawowa. Richard Kadison da Isadore Singer sun fara zurfafa nazarin irin na biyun a 1960.

Ku zana ɗigo huɗu a allo: A, B, C, D. Ku ja kibiya daga A zuwa C, daga A zuwa D, daga B zuwa C, daga B zuwa D. Doka ɗaya ce: in kibiya ta tashi daga wani ɗigo zuwa na biyu, wata ta tashi daga na biyun zuwa na uku, dole a ja kibiya daga na farko zuwa na uku, a shafe tsakiyarsu da alli. A zanenmu babu inda kibiya biyu suka biyo juna haka, don haka tsakiya ta zauna fayau. Ga rami ɗaya.

Yanzu ku ba kowace kibiya ta komowa. A ya je C, C ya je B, dole A ya haɗu da B. Kafin ka ankara kowa ya haɗu da kowa, alli ya rufe ko'ina, rami ya ɓace. A ganina nan ne daɗin abin yake: aljebra mai hanya ɗaya tana riƙe da sirrin da mai dawowa ta zubar.

Amfaninsa? In aljebra biyu sun bambanta a yawan ramuka, to ba iri ɗaya ba ne, ko da sun yi kama. Stephen Power na jami'ar Lancaster a Ingila ya rubuta jerin maƙalu kan wannan a shekarun 1990.

Ga aiki kafin fitowa ta gaba: ku koma zanen farko, ku ƙara ɗigo E, kibiya ta shiga cikinsa daga dukkan huɗun. Ina ramin ya shiga?