Wa'adin Ɗaukaka Ƙara da Neman Ƙarin Lokaci a Kotunan Najeriya

Ɗaukaka ƙara ita ce hanyar da doka ta buɗe wa wanda bai gamsu da hukunci ba, domin kotun da ke sama ta duba ko alƙalin farko ya yi kuskure. A shari'o'in neman haƙƙi, irin su rikicin gona, bashi, gado ko saɓa yarjejeniya, ƙarar da aka yanke a Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya takan haura zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda aka kafa a 1976, take kuma da rassa a garuruwa kamar Kaduna, Kano, Sakkwato, Jos da Yola. Haka ma hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kan aure, gado ko wasiyya, can ake kai shi bisa sashe na 244 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja, wadda ta zama tiƙe tun 1963 da aka daina kai ƙara Ingila.

Kotun sama ba ta sake shari'a daga tushe. Ba kasafai take kiran shaidu ba. Abin da aka rubuta a kotun ƙasa shi take karantawa. Kuma ba kowane hukunci ake ɗaukakawa kai tsaye ba. Sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulki ya lissafa inda mutum ke da cikakken 'yanci, kamar hukuncin ƙarshe na babbar kotun da ta fara jin shari'ar, ko ƙorafin da ya tsaya kan fassarar doka zalla. Abin da bai shiga wannan jeri ba, sashe na 242 ya ce sai an nemi izinin kotu.

Wannan 'yanci yana da wa'adi. Sashe na 24 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ba da wata 3 ga hukuncin ƙarshe, kwana 14 kuma ga hukuncin ƙwarya-ƙwarya, wato wanda aka yanke kan wata buƙata alhali shari'ar tana ci gaba. Sashe na 27 na Dokar Kotun Ƙoli ma haka ya tanada. Lissafin yana farawa ne daga lokacin da aka yanke hukunci, ko da kwafinsa bai fito ba. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe. An saba idan aka yanke hukunci kan gona ko gado, dattawa su shiga tsakani, a yi ta kai-komo da sunan sulhu, ranar da maganar ta watse a tarar wata huɗu sun shuɗe. Sulhu alheri ne, amma ba ya tsayar da lissafin kwanaki, kuma shigar da takardar ɗaukaka ƙara ba ya hana sulhu, tunda ana iya janye ta in an daidaita.

Takardar sanarwar ɗaukaka ƙara ita ce ginshiƙi. A ofishin rajistaran kotun da ta yanke hukunci ake shigar da ita, tana ɗauke da dalilan ƙorafi ɗaya bayan ɗaya. Idan ta samu tangarɗa, duk abin da aka ɗora a kanta ya rushe. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi maimakon sunan lauya. Bayan sanarwa, rajistara na da kwana 60 ya harhaɗa kundin shari'ar ya tura sama. In ya gaza, mai ɗaukaka ƙara ya yi da kansa cikin kwana 30. Sai rubutattun hujjoji: kwana 45 ga mai ɗaukaka ƙara, 30 ga abokin shari'arsa, 14 na martani. Duk wannan bai hana a zartar da hukuncin farko ba, sai in an nemi umarnin dakatarwa daban.

Wanda wa'adi ya ƙwace masa bai rasa komai da komai ba, sai dai matsayinsa ya sauya: da mai haƙƙi ne, yanzu mai roƙo. Kotun da ta yanke hukunci ba ta da hurumin ƙara masa lokaci, sai kotun da zai kai ƙarar. Can zai shigar da buƙata tare da takardar rantsuwa, ya cika sharuɗɗa biyu. Na farko, ya kawo gamsasshen dalilin da ya hana shi zuwa a kan lokaci. Na biyu, ya nuna dalilan ƙorafin da kallon farko zai nuna sun cancanci a saurare su. Ba a neman ya tabbatar zai yi nasara. Tilas biyun su haɗu. A shari'ar Williams da Hope Rising ta 1982, Kotun Ƙoli ta nuna cewa ƙa'idojin kotu an yi su ne don a bi, kuma wanda bai ajiye wa kotu wani bayani da za ta dogara da shi ba, ba shi da rabo a sassauci.

Tsawon jinkiri ba shi ne ma'auni ba. Ana iya yafe shekara biyu da aka yi bayaninsu dalla-dalla, a ƙi yafe mako uku da aka bari babu bayani. Rashin lafiya mai takardar asibiti dalili ne mai ƙarfi. Kuskuren lauya na gaskiya, kamar ɓatan lissafin kwanaki, kotuna kan ƙi ɗora wa mai shari'a alhakinsa, amma wanda ya miƙa wa lauya takardu ya koma gida ya kwanta shekara guda bai leƙa ba, da wuya wannan uzuri ya fisshe shi. Rashin kuɗi shi kaɗai ba kasafai yake gamsar da alƙalai ba, abin da ke da nauyi a ƙasar da talaka ya fi kowa makara. Idan kuwa ƙorafin ya nuna da gaske cewa kotun farko ba ta da hurumin jin shari'ar, akan sassauta binciken dalilin jinkiri.

Inda ƙarar ke buƙatar izini kuma lokaci ya wuce, roƙo uku ake haɗawa a takarda ɗaya: ƙarin lokacin neman izini, izinin kansa, da ƙarin lokacin ɗaukaka ƙarar. Barin ɗaya daga ciki kan sa a kori buƙatar baki ɗaya.

Shari'ar zaɓe ta fita daga wannan tsari. Sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kotun sauraron ƙarar zaɓe kwana 180, ya ba kotun sama kwana 60 ta kammala ɗaukaka ƙara. A shari'ar jam'iyyar ANPP da Goni kan kujerar gwamnan Borno, Kotun Ƙoli ta yanke a 2012 cewa tunda tsarin mulki ne ya gindaya wa'adin kwana 180, babu kotun da ke da ikon ƙara ko da kwana ɗaya a kansa.